Tarakta a fadamar Haɗeja: ina makanikinta?

Duk wanda ya ratsa fadamun Auyo da Miga da Kafin Hausa a bayan nan ya ga yadda ƙananan taraktoci ke ƙaruwa: Massey Ferguson, Mahindra da Sonalika na Indiya, ga kuma 'yan ƙanana masu ƙafa biyu na ƙasar Sin waɗanda ake tura su da hannu. Gasar da ke tsakanin kamfanoninsu ta yi kyau, amma a ganina kamfanonin sun fi damuwa da farashi, alhali abin da ke kashe manomi shi ne lalacewa a tsakiyar aiki. Laka ce a fadamar nan, mai nauyi, ga saiwar kacala. Kulochi ya ƙone ko bel ya tsinke a watan Nuwamba, lokacin shukar alkama, sai a tafi Kano neman kayan gyara, sanyin da alkama ke buƙata yana wucewa.

Wani zai ce ai araha ita ce gaba, tunda kuɗin manomi a ƙirge suke. Haka ne, amma tarakta mai araha da ta kwana mako biyu a gindin bishiya ta fi kowace tsada. Dila kuma zai ce ciniki bai kai ya buɗe shago a Haɗeja ba. To, wa zai sayi abin da ba mai gyara masa? Ya kamata gwamnatin Jigawa, kafin ta sayi taraktoci daga kowane kamfani, ta gindaya masa sharaɗin buɗe rumbun kayan gyara a Haɗeja da horar da makanikai 'yan gari.