Kariya, Furen da Ba Ya Gudun Rani

Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwa mazauna Hausari da sauran unguwannin Maiduguri, muna yi muku barka da zuwa.

Bayan haka, maganarmu ta yau a kan kariya ce, wannan ɗan icen mai kumburarren gindi da muka sani tun a garuruwanmu na asali. Jama'a, mu 'yan kasuwa ne, mun san ba a zuba jari inda uwar kuɗi za ta narke. Amma duk shekara sai ka ga mutum ya sayi furannin ƙasashen sanyi, ya yi ta sayen ruwa wajen 'yan garuwa, zafin watan Afrilu na zuwa, ma'auni ya haura 40, sai su ƙone ƙurmus. Ga kariya kuwa, 'yar ƙasa ce, ta saba da ranar nan. A ƙasar Tailan ma noman ta ake yi ana sayar wa duniya da tsada, mu kuwa mun bar ta a bakin gona.

Abin da ya sa muke son ta shi ne, kowane lokaci da irin adonta. Da damina ta yi kore shar. Hunturu na kamawa sai ta zubar da ganye, ka gan ta tsaye kamar 'yar ƙaramar kuka. Can da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, ƙura ta rufe gari, sai ta ɓarke da fure ja-ja mai farin ciki. Dalili kuwa, ruwan da ta sha da damina tana ajiye shi a gindinta, ta riƙa ci da kaɗan-kaɗan. Mai adashi ke nan.

To, yaya ake dasa ta? Da bazara, kafin ruwa ya sauka, a yanko reshe mai ƙwari kamar kamu ɗaya. Kada a dasa nan take. A ajiye shi a inuwa kamar mako ɗaya, har bakin yankan ya bushe, in ba haka ba ruɓewa zai yi. Sai a haɗa yashi da ɗan tsohon taki, a kafa shi inda rana ke duka sosai. A ƙarƙashin darbejiya ba za ta yi fure na kirki ba. Wanda ke son gindi mai kumburi sosai, sai ya shuka iri. 'Ya'yanta kamar ƙaho biyu suke. A ɗaure su da zare kafin su fashe, don irin yana da gashi, iska na kwashe shi.

Babban makashinta ruwa ne. Ba ta son laka, ba ta son inda ruwa ke kwanciya. Duk mun ga abin da ya faru a watan Satumba na 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Saboda haka wanda gidansa ke kwari, ya ɗaga mata tudu, ko ya sa ta a tukunyar ƙasa mai huji a ƙasa, wadda za a iya ɗauka. Hakan ya fi ma ga 'yan haya: ranar tashi ka tafi da abarka. Ban ruwa sau ɗaya a mako ya isa, da hunturu kuma a rage.

Sai gargaɗi, kuma a nan muke roƙon iyaye mata su saurara da kyau. Ruwan jikin kariya dafi ne mai taɓa zuciya. Da shi maharban dā suke shafe kibiya. Kada a dasa ta inda yara ke wasa ko inda ake ɗaure awaki. Wanda ya yanke ta ya wanke hannu da sabulu, kada ya kai ido ko baki. In yaro ya tauna, a garzaya da shi asibiti, ban da jira. Rigakafi ya fi magani.

A ƙarshe, shawararmu ita ce duk mai kariya a gida ya kawo reshe biyu taro mai zuwa, a raba wa marasa ita. Garin nan ya riƙe mu, mun ci arzikinsa, ya kamata mu ma mu ƙawata shi. Allah Ya ba mu zaman lafiya.