Su Wa Suka Dace Su Ja Ragamar Ƙungiyar Wayar da Kai Kan Muhalli?

Jawabin da sakataren kwamitin dashen itatuwa ya gabatar a babban taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai





Da takarda ta same ni cewa ni zan yi magana a kan shawarar da ke gabanmu, wato ta kafa ƙungiya mai zaman kanta wadda za ta riƙa ilmantar da ɗalibai da mutanen gari kan kula da muhalli, sai da na yi jim. Ni ba masanin itatuwa ba ne. Ilmin tafiyar da mulki na karanta a jami'a, aikina kuwa bai wuce tura fayil daga wannan tebur zuwa wancan ba. Malaminmu na labarin ƙasa yana nan zaune, ya san irin makin da nake ci a darasinsa, ina kuma roƙonsa ya rufa mini asiri. Amma na karɓa, domin akwai laifin da ya kamata in amsa a gabanku kafin a zaɓi shugabanni.

Da yawa daga cikinku za su tuna cewa shekara biyu da suka wuce mun tara kuɗi don dasa itatuwa a bayan ɗakunan kwanan ɗalibai. Ni ne sakataren kwamitin. Mu bakwai ne, dukkanmu masu digiri, kuma an zaɓe mu ne bisa muƙamanmu a wuraren aiki. Kuɗi bai gama shigowa ba sai da damina ta yi nisa, saboda haka sai cikin watan Satumba muka yi dashen, ruwa na gab da ɗaukewa. Mun sa manyan riguna, an ɗauki hotuna, an ci an sha, kowa ya kama hanyar garin da yake aiki. Ba mu yi shinge ba, ba mu ware kuɗin ban-ruwa ba, ba mu damƙa wa kowa alhakin kula da su ba. Kafin bazara awaki sun cinye rabi, rani ya ƙarasa sauran. Wanda ya zagaya yau da safe ya ga abin da ya rage, bai kai a ƙirga da yatsun hannu biyu ba.

Da na dawo duba su, na tarar da Baba mai lambu, wanda tun muna aji ɗaya yake wannan aiki. Na ce, "Baba, yaya aka yi haka?" Ya ce, "Yaro, ai ba ku tambaye ni ba." Wallahi na rasa abin da zan ce masa. Tun daga ranar nake bincike kan yadda ƙungiyoyin da suka daɗe suna irin wannan aiki suke haɗa shugabanninsu, da kuma sana'o'in da waɗannan shugabanni suka fito daga ciki. Abin da na samu shi ne zan gabatar muku.

Misalin da na ɗauka shi ne Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NCF. An kafa ta a 1980, aka yi mata rajista a 1982. Tana daga cikin tsofaffin ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke wannan aiki a ƙasar nan, tana kafa kulob-kulob na kula da muhalli a makarantu, kuma a 1990 ta buɗe wani gandu mai faɗin hekta 78 a Lekki ta Jihar Legas, inda 'yan makaranta ke zuwa su ga daji da namun cikinsa da idonsu. To, wa ya kafa ta? Na ɗauka zan tarar da wani farfesan gandun daji. Ashe ɗan kasuwa ne, marigayi Cif Shafi Lawal Edu, mutumin Epe, wanda aka haifa a 1911 ya rasu a 2002. Ya fara da koyarwa, ya yi aikin akawu a kamfanin jiragen ruwa, daga baya ya kama kasuwancin kansa har ya shiga harkar inshora, ya kuma shugabanci Majalisar 'Yan Kasuwa ta Legas. Abin da ya kawo wa gidauniyar shi ne sanin mutane da kuma mutuncin da in ya buga ƙofar attajiri ko ta gwamnati za a buɗe masa.

Cikin waɗanda suka kafa ta tare da shi akwai marigayi Akintola Williams, wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 104. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami cikakkiyar shaidar ƙwarewa a aikin akanta. Jama'a, ku yi tunani, me ya haɗa akanta da tsuntsaye da birai? Amsar ita ce amana. Babu kamfanin da zai ba ƙungiya kuɗi sau biyu in ba ta iya nuna masa inda na farko ya shiga ba. Akwai kuma A. P. Leventis, na gidan kasuwancin nan da iyayenmu suka sani, wanda sha'awarsa ga tsuntsaye ta sa ya ɗauki nauyin kafa cibiyar nazarin tsuntsaye a dajin Amurum kusa da Jos, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. Sa'an nan akwai Cif Philip Asiodu, wanda ya yi Babban Sakatare a gwamnatin tarayya zamanin Janar Gowon, ya kuma shafe shekaru yana shugabantar kwamitin amintattun gidauniyar. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, don na ga ashe mu masu tura fayil ma muna da amfani. Mai irin wannan gogewa ya san ofishin da takarda ke kwana, ya san wanda zai taso ta.

Kada wani ya fahimce ni a baibai, ya ce na kori masana. Waɗanda na lissafa su ne masu riƙe amana da neman kuɗi da buɗe ƙofofi. Aikin yau da kullum kuwa a hannun masana kimiyya aka bar shi. Alal misali, Farfesa Emmanuel Obot, wanda ya shugabanci ma'aikatan gidauniyar har ya rasu a haɗarin jirgin sama da aka yi a Legas a watan Yunin 2012, masanin tsirrai ne. Haka nan Dakta Muhtari Aminu-Kano, wanda ya zama babban darektanta a 2018, ya taɓa jagorantar aikin kare fadamar Haɗeja da Nguru, ya kuma yi aiki da wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya a Ingila. Ke nan an raba aiki gida biyu, kowa ya tsaya inda ya fi ƙwarewa, ba wanda ya shiga gonar wani.

Tunda na ambaci fadamar Haɗeja da Nguru, bari in ɗan tsaya a kanta, domin tamu ce, wasunmu ma can ne gida. An fara aikin kare ta a 1987, kuma da farko tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin hunturu su ne suka fi jan hankalin masu aikin. Ba a daɗe ba aka gane cewa ba za a iya kare tsuntsu a bar masunci da manomin shinkafa da makiyayi ba, domin ruwa ɗaya suke sha. Ruwan kuwa ya ragu tun bayan gina madatsar Tiga a 1974, ga kuma ta Challawa da ta biyo baya a 1992. Sai aka shigo da masana ruwa da masana tattalin arziki. Su ne suka zauna suka lissafa kifi da itacen girki da amfanin gonar da fadamar ke bayarwa, suka nuna cewa ruwan da ke malala cikinta ya fi kawo riba a kan in an tare shi duka don manyan gonakin noman rani. Hukuma ba lalle ta saurari mai kukan tsuntsaye ba, amma in aka kawo mata lissafin naira da kwabo takan gyara zama.

Saura mutum ɗaya, shi ne wanda muka manta da shi a kwamitinmu. Maƙwabtanmu na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun sha irin wahalar da muka sha, ana dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da ake sharewa a gonaki kowace shekara tohon kututturan tsofaffin itatuwa ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sassabe sauran, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Amma wa ya yaɗa dabarar? Manoma ne da kansu, daga wannan gona zuwa waccan, har aka ƙiyasta cewa ta game hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar. Manomi ba ya bukatar a gaya masa cewa gawo na kaɗe ganyensa da damina, ba ya hana gero rana, ga taki a gindinsa. Shi zai koya wa mai digiri.

To, 'yan'uwa, ga shawarata ga wannan taro. In za mu kafa ƙungiyar nan, kada mu sake zaɓe bisa girman kujerar mutum a ofis. Mu fara rubuta irin ayyukan da ake bukata, sa'an nan mu nemi wanda ya iya kowane.

Na farko, malamin makaranta. Ilmantarwa ce ginshiƙin ƙungiyar, kuma sanin abu daban, iya koyar da shi ga yaro ɗan shekara 13 daban. Malami ne ya san lokacin jarrabawa da lokacin hutu, shi ya san yadda za a saƙa darasin itace cikin manhaja ba tare da an takura wa kowa ba. Iyayenmu malamai da suka yi ritaya, da tsohuwar zuma ake magani, muna roƙon ku ba mu mutum ɗaya.

Na biyu, masanin gandun daji ko aikin gona, wanda zai faɗa mana irin itacen da ya dace da ƙasarmu da lokacin dasa shi, ko darbejiya ce don inuwa, ko tsamiya da ɗorawa da kuka don amfanin gaba.

Na uku, akanta, wanda zai riƙe littafi, ya karanta mana shi kowace shekara a wannan zaure, ko da daɗi ko ba daɗi.

Na huɗu, lauya ko gogaggen ma'aikacin gwamnati. Bisa dokar kamfanoni ta 2020, ƙungiya irin wannan sai ta yi rajistar amintattunta a Hukumar Rajistar Kamfanoni, da tsarin mulkinta a rubuce, a buga sanarwa a jaridu, kuma ta riƙa kai rahoto duk shekara. Aiki ne mai cin rai, amma in ba a yi shi ba ko asusun banki da sunan ƙungiya ba za mu iya buɗewa ba.

Na biyar, ɗan kasuwa, domin neman gudummawa sana'a ce, kuma muna da su a cikinmu, Allah ya ƙara buɗi.

Na shida, mutumin gari mai noma ko kiwo, da mace daga cikin iyayenmu mata na unguwa, tunda su ne ke fama da itacen girki da ɗebo ruwa. Waɗannan su zauna a matsayin cikakkun mambobi masu ƙuri'a. Ni dai da za a bi tawa, da Baba mai lambu za a fara ba kujera. A ƙara da ɗalibai biyu daga manyan azuzuwa, don su ne za su ga itatuwan kullum bayan mu mun watse.

Na san wani zai ce wannan taro ya yi yawa, in masu magana suka yi yawa aiki ba ya tafiya. Gaskiya ne, shi ya sa na ba da misalin yadda waccan gidauniya ta raba amintattu daban, masu gudanarwa daban. Amintattu su zauna sau biyu ko uku a shekara, mutum uku da ke zaune a garin nan su riƙa tafiyar da aiki. Abin da nake tsoro shi ne mu sake tara kuɗin jama'a a karo na biyu ya bi ruwa. In haka ta faru, ba wanda zai ƙara sa hannu a aljihu in mun kira, kuma ƙannenmu da ke kallonmu za su koyi cewa dashen itace biki ne na ɗaukar hoto.

Daga ƙarshe, ina neman gafarar duk wanda ya ba da kuɗinsa a wancan karo, a madadina da sauran 'yan kwamiti. Cikakken lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe yana hannun Ma'aji, duk mai son dubawa ya same shi bayan an tashi. Ni kuma a shirye nake in yi aikin takardun rajista in taro ya amince, amma shugabanci a ba wanda ya fi ni sanin ƙasa.

 Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu, waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya, ya saka musu da alheri. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.