Ƙwayar Maganin Kansar Jini Ba Ta Son Fashi

 

Maganarmu ta yau a kan wata ƙwaya ce mai suna imatinib, wadda aka fi sani da Glivec. Ana ba da ita ga masu wani nau'in kansar jini mai tafiya a hankali, wanda ke kumbura saifa, ya kawo rama da zufar dare. Aikinta shi ne ta toshe sinadarin da ke sa fararen ƙwayoyin jini yaɗuwa ba ƙaƙƙautawa. A shekarar 2001 aka amince da ita a Amurka, kuma a 2003 aka fara ba da ita kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife.

To jama'a, matsalar tamu ce mu 'yan kasuwa. Mutum ya sha wata uku, ya ji ƙarfi, ya ce ai ya warke, ya bi motar goro zuwa Kano ya bar magani a gida. Wallahi ciwon kwanciya ya yi. In aka riƙa yin fashi yana iya tashi, har ƙwayar ta daina yi masa aiki. Likita kaɗai ke cewa a tsaya.

Galibi ana shan miligiram 400 sau ɗaya a rana, da abinci da babban kofin ruwa. Wanda ya manta jiya kada ya ninka yau. In azumi ya zo, a tambayi likita lokacin sha. In za a yi tafiya, a ɗauki wanda zai isa, kar a bar shi cikin zafin mota.

Kada a haɗa da jiƙo ko garehul. Mai shan maganin tarin fuka, wanda ke sa fitsari ja, ya gaya wa likita, don yana rage mata ƙarfi. Ko farasitamol ma a yi tambaya. Mata kuwa, ƙwayar tana iya cutar da ɗan tayi, saboda haka a yi shawara kafin ɗaukar ciki. In an ga zazzaɓi, zubar jini, ko kumburin ƙafa da fuska, sai asibiti. Ranar gwajin jini ta fi ranar kasuwa.

Mu da muke zaune nesa da gida, mu ne dangin juna. Mu riƙa tunatar da marasa lafiyarmu, mu taimaka da kuɗin mota. Allah Ya ba su lafiya, amin.