Jawabi Kan Jawo Wutar Lantarki Zuwa Bahon Wanka Mai Dumama Ruwa

Jama'a, ruwa da lantarki ba sa ga maciji da juna. Jiƙaƙƙen jiki ya fi busasshe saurin ɗaukar wuta, kuma ƙarfin wutar gidajen Nijeriya, bolt 230, ya isa kisa.

Saboda haka wajibi ne maigida ya kira ma'aikacin lantarki mai lasisi. Shi zai ja wa bahon layinsa daban. Zai ɗaure wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, a jikin ƙarafan bahon da bututan ruwa, ya sadar da ita ga sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Sa'an nan ya sanya na'urar da ke katse wuta nan take idan yoyonta ya kai miliamfa 30.

A riƙa gwada maɓallin na'urar a kai a kai. Rigakafi ya fi magani.