Jingar Turanci a Ajin Ƙarshe: Wa Zai Duba Allon?

Jawabin da wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya gabatar a gaban 'yan ajin ƙarshe na sakandare da iyayensu da malamansu a Unguwar Gano, Ƙaramar Hukumar Tarauni



An umurce ni da in yi magana a kan jingar Turanci, watau aikin da malami kan ba ɗalibi ya tafi da shi gida. Abin da zan faɗa guda ɗaya ne, sauran duk bayaninsa ne: jinga ba ta da amfani sai ɗalibi ya yi ta da hannunsa, malami ya duba ta da jan biro, sa'an nan ɗalibin ya sake rubuta ta a gyare. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, to an yi asarar takarda da tawada ne kawai.

Da farko bari mu ga dalilin da ya sa maganar ta zama abin damuwa. Ɗalibi ba ya samun shiga jami'a a ƙasar nan sai da kiredit biyar, kuma lalle ne Turanci ya kasance cikinsu, ko da Hausa ko Larabci yake nufin karantawa. A jarrabawar WAEC ta 2025, bayan hukumar ta sake duba sakamakon da ta fitar da farko, kimanin kashi 63 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi. Ke nan fiye da mutum ɗaya cikin kowane uku bai haye ba. Har wa yau, a jarrabawar JAMB ɗalibi shi ke zaɓen darussa uku gwargwadon abin da zai karanta, amma Turanci tilas ne a kan kowa.

To, mene ne ake nema daga ɗalibi a zauren jarrabawa? A tsarin da WAEC ta saba bi, takardun Turanci uku ne. Akwai ta zaɓen amsa a kan kalmomi da nahawu, akwai ta furuci, sa'an nan akwai babbar, wadda ta ƙunshi insha'i da auna fahimta da taƙaitawa. Insha'in nan ana son ya kai kalma 450, makinsa kuwa 50 ne: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. A wannan kashi na ƙarshe, kowane kuskure rabin maki yake ci. Wanda ya manta aya a nan, ya bar babban baƙi a can, ya gurɓata rubutun wata kalma, kafin ya farga ya tara kuskure 20, makin nan 10 ya tafi ƙurmus. Irin wannan kuskure kuwa ba ya barin mutum don ya ji an yi bayaninsa a aji. Sai an kama shi a cikin rubutunsa na kansa, an ja masa layi, ya ji ciwon abin. Aikin jinga ke nan.

Mu Hausawa bai kamata a tsaya koya mana wannan ba, domin mun gaje shi. Ku dubi makarantar allo. Almajiri shi ke rubuta allonsa, ya kai wa malam, malam ya bi shi baƙi-baƙi yana gyarawa, kuma ba a wankewa a yi ƙari sai an biya an ga ya zauna. Ba a taɓa jin malamin da ya ce a wanke allon da bai duba ba. Amma a makarantun boko sai ga littafin jinga ya cika da aiki tun daga farkon zango har ƙarshensa, jan biro bai taɓa shi ba, ko kuwa an sa hannu kawai a ƙasa alamar an gani. Yaro ya yi ta maimaita kuskure ɗaya shekara uku, har ya zame masa jiki.

Kada a yi saurin ɗora wa malami laifi, a fara yin lissafi tukuna. A ce malami yana da aji uku, kowane aji da ɗalibai 80. Jinga ɗaya ta zama littafi 240. In ya ba kowane littafi minti 5, ya ci minti 1,200, watau awa 20 cur, ban da shiga aji, ban da shirya darasi, ban da hidimar iyalinsa. Wane ɗan Adam ne zai yi haka kowane mako? Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni na 2024, kuma muna fatan a cikin abin da za a auna nasararta da shi har da yawan littattafan da ke gaban malamin Turanci guda.

Ɗalibai su ma suna da nasu rabon. A da, mai ƙyuya yakan sammako ya kwafi aikin abokinsa a bayan aji. Yanzu wayar hannu ta hutar da shi: wani ya ɗauki hoton amsa ya watsa a WhatsApp, wani kuma ya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa insha'i sumul, mai kalmomin da shi kansa bai san ma'anarsu ba. Ƙannena, zanen aro ba ya rufe katara. Insha'in da ka rubuta da kanka mai kuskure 30 ya fi maka wanda na'ura ta rubuta babu kuskure, domin na farkon yana nuna wa malam inda ciwonka yake, na biyun kuwa ɓoye ciwon yake yi har ranar da ba magani. Haka kuma littafin da JAMB kan sa a karanta. Daga 2021 zuwa 2024 an karanta The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, wanda labarinsa ya shafi zaman ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a 2025 kuma aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Wanda ya wadatu da haddace taƙaitaccen bayanin irin waɗannan littattafai ya hana kansa ganin yadda ake gina jimla, alhali kuwa ita ce ribar karatun.

Saboda haka ina da shawarwari huɗu.

Ta farko ga malamai. A rage tsawon jinga, a yawaita ta. Sakin layi ɗaya mai jimla shida wanda aka duba aka mayar ya fi shafi biyu da aka jibge a ofis. Cikakken insha'i ya isa sau ɗaya a mako biyu, kuma kada a ba da sabon aiki sai an ga gyaran na baya. Daɗin daɗawa, a ɗauko batutuwa daga abin da yaro ya sani. A ce ya rubuta wa Shugaban Ƙaramar Hukumar Tarauni wasiƙa a kan magudanar ruwan layinsu da damina, ko ya siffanta cinkoson Titin Zariya a bakin Asibitin Malam Aminu Kano, ko ya ba da labarin ciniki a kasuwar Tarauni. Irin wannan ba shi da amsa shiryayya da za a kwafo, kuma wasiƙar hukuma da siffantawa da ba da labari duk suna fitowa a jarrabawa.

Ta biyu ga iyaye. Ba sai kun iya Turanci ba kafin ku taimaka. Jan biro ba shi da yare. Baba, karɓi littafin ɗanka ranar Asabar ka buɗa. In ka ga mako uku babu ja a ciki, je makaranta ka tambaya cikin mutunci. Iyayenmu mata, a ɗauke wa 'yar ajin ƙarshe aikace-aikace na awa ɗaya kafin magariba, tun da sauran haske, domin wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Yaron da ke tsaron shago shi ma a ba shi wannan awa.

Ta uku ga ƙannena. Kowa ya keɓe shafi a bayan littafinsa ya riƙa tara kurakuran da aka kama shi da su, ya riƙa bitarsu. Wanda ke haɗa harafin p da f ya sani, wanda ke mance alamar jam'i ya sani. Ranar da babu makaranta a leƙa Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta huɗu gare mu, 'yan jami'a. Tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har Unguwa Uku da Darmanawa, babu unguwar da ba ta da ɗaliban manyan makarantu masu zaman hutu. In mutum 20 daga cikinmu suka ɗauki littafi 12 kowanne, ƙarƙashin jagorancin malamin ajin da irin ma'aunin da ya shimfiɗa, littattafan nan 240 sun ƙare cikin awa guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ashe ba ya ɗaukar jinga ma.

Wani zai ce, me ya kawo masu kishin Hausa cikin hidimar Turanci? Sai mu tuna masa da Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta da ya fito daga Kwalejin Katsina, wanda ya yi wa duniya jawabi da Turanci a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, kuma shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Wanda ya koyi tsara tunaninsa a takarda da harshe ɗaya, ya sami rabin hanya a ɗayan.

Daga ƙarshe, ina roƙon duk ɗan jami'ar da ke wurin nan ya ba shugaban taro sunansa kafin a watse, don a raba mana littattafai tun daga wannan mako.  Allah ya ba ƙannenmu sa'a.