JAWABI: YADDA MUTANEN KAMIRITHU SUKA YI TIYATIR DA HANNUNSU



An ce in yi muku magana a kan wasan kwaikwayo, wanda mu nan muke ce ma tiyatir. Kun san yadda akan yi ran bikin lakwal. Mushe ya ba yara takarda su hardace da Faransanci, a rufe ƙofa ana koyo. Ran wasa iyaye su zo su yi tafi, su koma gida ba su ji komi ba. To, yau zan ba ku labarin wani ƙauye inda aka buɗe ƙofar.

Sunan ƙauyen Kamirithu, kusa da garin Limuru, cikin ƙasar Kenya. Mutanensa Kikuyu ne, talakawa, waɗansu leburori a gonakin shayi da kofi, waɗansu ma'aikata a gidan takalma na Bata. A 1976 suka tada wani gidan samari da ya lalace, manya suka shiga koyon karatu da harshensu. Daga nan suka ce suna son wasa. Malamai biyu, Ngugi wa Thiong'o na jami'ar Nairobi da Ngugi wa Mirii, suka rubuta musu da Kikuyu. Sunansa Ngaahika Ndeenda, wato zan yi aure sa'ad da na ga dama. Labarin wani talaka ne mai gona eka ɗaya da rabi, ya kai takardar gonar jingina banki, gona ta salwanta.

Ku saurara da kyau, nan maganar take. Malaman nan ba su ce rubutu ya ƙare ba. Suka kai shi gaban jama'a aka karanta, aka yi ta gardama. Tsofaffi suka ce dattijon Kikuyu ba haka yake magana ba, a gyara. Aka gyara. Ma'aikata suka faɗi yadda aikinsu yake da abin da ake biyansu, aka sa. Mata suka kawo waƙoƙi da raye-raye na dā. Waɗanda suka shiga daji zamanin yaƙin Mau Mau, da aka fara a 1952, suka nuna yadda suka yi. Mai digiri ya zauna, wanda bai taɓa shiga aji ba yana yi masa gyara. Ni dai wannan ya fi komi burge ni, don na san yadda gyara ke yi wa mai takarda ɗaci.

Watanni aka yi cikin 1977 ana koyon wasan a fili, kowa na gani. Mai wucewa ya tsaya, ya ga ɗan wasa ya yi kure, ya ga yadda ya gyara, wata rana shi ma ya shiga. Wurin wasan ma su suka gina da katako da guminsu, da mazaunin mutum fiye da 2,000.

Ran 2 ga Oktoba 1977 aka buɗe. Jama'a suka yi ta zuwa daga nesa, a ƙasa da cikin motoci. Ran 16 ga Nuwamba gwamnati ta janye izni. Ƙarshen Disamba aka kama Ngugi wa Thiong'o, ya yi shekara guda a kaso na Kamiti, ba shari'a. Ku lura, ya daɗe yana rubuta littattafai masu zafi da Ingilishi, ba a rufe shi ba, sai da manoma suka hau dandali da bakinsu.

Mutanen Kamirithu ba su daddara ba. A 1982 suka shirya wani wasa, Maitu Njugira, aka hana su izni. Sai suka ci gaba da koyo a jami'ar Nairobi ƙofa buɗe, dubban mutane suka kalla da sunan koyo ake yi. Cikin Maris na shekarar nan aka aiko ƴan sanda ɗauke da bindigogi suka rushe wurin wasan ƙauyen har ƙasa. Malaman biyu suka bar ƙasar. Ngugi wa Thiong'o bai sake taka Kenya ba sai 2004, ya rasu a Amurka a 2025.

Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu. Wassalam.