Akushin Salla: Matsayin Abinci a Bukukuwan Hausawa



Gabatarwa

Idan aka ambaci salla a ƙasar Hausa, abin da ke fara faɗo wa baƙo a rai shi ne dawaki da lifidi da algaita. Ba laifinsa ba ne, gama abin da ido ke gani ke nan; har ma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gargajiya na duniya. Amma akwai wani jerin gwano da ake yi a wannan rana, wanda ba a buga masa tambari, ba a kuma ɗaukar hotonsa. Shi ne na yara 'yan aike, masu fita daga wannan zaure zuwa wancan ɗauke da akussa da kwanoni, an rufe su da faifai. A kan wannan jerin gwano na biyu laccar za ta tsaya. Abin da take son nunawa shi ne, Bahaushe yana auna girman biki da yawan abincin da ya fita daga gida, kuma wannan ma'auni yana neman sauyawa, sauyin da ma'aikaci da ɗalibi ke da hannu a cikinsa.

Lissafi Biyu na Shekara

Kafin a shiga maganar girke-girke, ya kamata a lura cewa Bahaushe yana da lissafin shekara iri biyu. Na farko shi ne na manomi, watau bazara da damina da kaka da rani. Bukukuwan da suka dogara da wannan lissafi, kamar kalankuwa da shan kabewa da buɗar dawa, bayan an kau da amfanin gona ake yin su, sa'ad da rumbu ya cika. A irin wannan lokaci ciyarwa ba ta da wuya, gama kowa na da abin da zai ɗebo. Maguzawa ma a lokacin ne suke dafa giyar dawa domin shagulgulansu.

Lissafi na biyu shi ne na wata, wanda Musulunci ya zo da shi. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka soma fita sallar Idi a birnin. Shekarar wata kwana 354 ce, watau ta gaza ta rana da kamar kwana 11. Saboda haka salla takan zagaya dukan lokatan shekara cikin kamar shekara 33. Alal misali, azumin 1984 ya zo ne a watan Yuni, farkon damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Na 2000 kuwa a Disamba aka yi yawancinsa, ana cikin yalwar kaka. Abin lura a nan shi ne salla ba ta jiran kaka. Tana iya riskar talaka rumbunsa wayam. Don haka ne Shari'a da al'ada suka haɗu suka shirya hanyoyin da abinci zai bi daga gidan mai shi zuwa gidan marashi.

Har sunayen da Hausawa suka laƙaba wa watanni suna nuna yadda ci da sha suka shiga wannan lissafi. Muharram shi ne watan cika-ciki, Rajab watan azumin tsofaffi, Sha'aban watan sha ruwan tsofaffi, Zulhajji kuwa watan layya.

Azumi da Ƙaramar Salla

Da azumi ya kama, sai tukunyar kunu ta zama babbar tukunya a gida: kunun tsamiya, ko na kanwa, ko na gyaɗa, ko koko, tare da ƙosai. Uwargida ba ta dama kunu daidai cikin mutanen gidanta. Akwai ƙwaryar masallaci, da ta makwabta, da ta almajirai, da ta surukai. Magidanta kuma a ƙofar gida suke shimfiɗa tabarma su sha ruwa tare, ta yadda matafiyin da magariba ta riska a hanya ba ya bukatar gayyata.

Da wata ya ƙare sai zakkar fidda kai, wadda Hausawa ke kira zakkar kono. Sa'i guda ce, watau mudu huɗu da mudun Annabi, a kan kowane mutum da magidanci ke ciyarwa, daga jariri har tsoho. Daga abincin da mutanen gari suka fi ci ake fitar da ita, gero ko dawa ko masara ko shinkafa, kuma ana so ta isa hannun mabukaci kafin a fita Idi. Hikimar wannan lokaci a fili take: domin kada a wayi gari ranar salla wani gida bai hura wuta ba.

Bayan an sauko daga Idi sai tuwon salla. Masu hali kan yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ko waina, ko funkaso, wasu kuma tuwon dawa ko na gero da kaza. Uwargida ta san yawan kwanonin da za ta zuba, ta kuma san gidan da kowane zai tafi. Kwanon da ya je gidan da ba su da hali yakan dawo da godiya kawai. Wanda ya je gidan masu hali yakan dawo da irin nasu girkin. Ta haka kafin la'asar sai a tarar ana cin abinci iri biyar ko shida a gidan da tukunya guda aka ɗora, babu kuma wanda ya roƙa, babu wanda ya ji kunya. Ɗan aike ma yana da rabonsa, watau tukuici da goron salla.

Layya da Cika-ciki

Ranar 10 ga Zulhajji ake fara layya. A mazhabar Malikiyya, wadda littattafanta irin su Risala ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar nan, kwana uku ne na yanka, kuma ba a yi sai liman ya yanka tasa. Ba a sayar da naman layya ko fatarta, ba a kuma biyan mahauci ladan fiɗa da ita. Abin da aka so shi ne mai layya ya ci, ya yi sadaka, ya yi kyauta. Jama'a da yawa sukan kasa naman kashi uku saboda haka. Dabbar da aka hana sayar da komai nata, ba ta da mafita sai cikin mutane.

Da yake babu na'urar sanyaya abinci a da, mata sun ƙware wajen adana nama. Akan soya shi ƙarau cikin kitsensa a zuba a tukunya, ko a yi dambu, ko a shanya. A Jumhuriyar Nijar kuwa, a garuruwa irin su Yamai da Damagaram, banƙare ragon ake yi ɗungurungum a kan sanduna, makwabta su jera nasu kewaye da wuta guda, a yini ana gashi, washegari a shiga rabo.

Layya ba ta ƙarewa a watanta. A gidaje da yawa akan ɓoye wani sashe na ragon, kamar wutsiya ko kai, har zuwa daren cika-ciki, watau daren Ashura a cikin Muharram, wata guda ke nan bayan yanka. A wannan dare akan yi tuwo mai yawa, kowa ya ci ya ƙoshi, a kuma aika wa makwabta, bisa fatan shekarar da aka shiga ta zama ta ƙoshi. A watan ne kuma taubasai da jikoki ke bin kuɗin shara. Haka nan a Rabi'ul Awwal, ranar Takutaha a Kano da Sallar Gani a Daura da Gumel, girki da rabo ba sa yankewa.

Suna, Aure da Goro

Bukukuwan gida ma a kan wannan turba suke. Ranar bakwai ga haihuwa ake yanka ragon suna, a raba naman ga dangi da ungozoma da wanzami da malamai. Mai jego kuwa tana da kunun kanwa da kauri domin ta mayar da ƙarfinta. A wajen aure, iyayen amarya kan kai gara: shinkafa da man shanu da alkaki da nakiya da dubulan. Ango ba ya cinye ta shi kaɗai. Sai an kai wa iyayensa da abokansa da waɗanda suka yi ɗawainiya.

Kalmar biki ita kanta abin dubawa ce. Ban da shagali, a wurin mata tana nufin gudummawar da ake kai wa mai hidima, wadda za ta mayar da ita da ƙari ranar da hidima ta faɗo wa wadda ta kawo. Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya yi bayanin wannan al'ada kamar yadda take a ƙasar Zazzau. Wannan wani irin asusu ne wanda ba shi da akawu, ba shi da littafi, amma ba a manta ko anini.

Goro kuwa shi ne takardar gayyata, shi ne kuma shaidar an ɗaura aure ko an raɗa suna. Abin mamaki, ƙasar Hausa ba ta noma shi. Fatake irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙa ɗauko shi a kan jakuna daga Gwanja, musamman kasuwar Salaga da ke ƙasar Gana ta yanzu, tafiyar watanni. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara tara dukiya. Bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911 sai goron ƙasar Yarbawa ya yawaita. Ƙwarya guda goro 100 ce, kuma guda ɗaya ana iya fasa shi a ba mutum huɗu. Haka nan alkama da alkaki da alkubus da gurasa, sunayensu daga Larabci suke, alamar cewa ta hanyar Sahara suka iso. Watau Bahaushe ya ɗauki abin da ya fi tsada, wanda ya fito daga nesa, ya mai da shi abin rabo.

Abin da ya Sauya

Abubuwa uku sun taɓa wannan tsari. Na farko shi ne tsadar rayuwa. Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun hallaka dabbobi da yawa. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya cika aljihun ma'aikaci, amma ya ɗaga farashin kaya ga kowa, ya kuma saba wa mutanen birni da shinkafar waje da fulawa da lemon kwalba. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sa'an nan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya sake ninka kuɗin dakon hatsi da na raguna. Idan mudu ya yi tsada, kwanon makwabci ne ke fara raguwa.

Na biyu shi ne wurin zama. Ma'aikacin da aka ba gida a unguwar ma'aikata, ga katanga ga maigadi, ba shi da zaure, sau da yawa ma bai san sunan makwabcinsa ba. Makwabcin nan kuwa albashinsu ɗaya, saboda haka ko an yi musayar abinci, daga mai shi ne zuwa mai shi. Firji kuma ya kawar da dalilin gaggauta rabo; naman da a da tilas a fitar da shi cikin kwana biyu, yanzu yana iya kwana sittin a gida.

Na uku shi ne gasa. An mayar da liyafa ɗakin taro na haya, inda ba a shiga sai da kati. Kuɗin da zai ciyar da unguwa sai ya ƙare a kan mutanen da suka ƙoshi tun daga gida, almajiri da gwauruwa suna bakin ƙofa. Wani ma'aikacin kuma sai ya ci bashin albashin wata biyu domin ya ɗaure rago mai ƙaho a ƙofar gida, alhali malamai sun bayyana cewa layya ba ta kan wanda kuɗinta zai ƙuntata masa. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irinsa: salla ta wuce ta bar wawa da bashi.

Kammalawa

Ba wanda zai ce a koma zamanin jaki da tukunyar ƙasa. Abin da ake bukata shi ne a riƙe manufar, ko da kwano ya sauya. Ma'aikaci yana iya fitar da zakkarsa da hatsi mai kyau tun da sauran kwana ɗaya ko biyu, ya kai ta inda ya san ana bukata, ko da wurin ya yi nisa da unguwarsa. Yana iya ware kason sadaka tun kafin nama ya shiga firji, ya tuna da masinja da direba da mai shara na ofishinsa, waɗanda su ne makwabtansa na yini. Idan rago ya fi ƙarfinsa, ba abin kunya ba ne ya haƙura, ya sayi abin da zai iya, ya ci da iyalinsa.

Ɗalibai kuma akwai aiki a gabansu. Tsofaffin da suka san yadda ake tuƙa nakiya da murza alkaki, suka kuma san gidan da ya cancanci cinya da wanda ya cancanci haƙarƙari, suna ƙarewa. Ya kamata masu nazarin harshe da tarihi da zaman jama'a su zauna da su, su rubuta abin da suka sani tun ana iya samunsa. Hawan salla ya sami masu adana shi. Akushi kuwa ba shi da mai tsaro sai masu gidan da yake fitowa daga ciki. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, kuma ranar salla ƙafar nan ta yaro ce ɗauke da kwano.

Allah ya maimaita, ya sa a ga ta baɗi lafiya, ya hore wa kowa abin da zai ci ya kuma ciyar.